Kulob ɗin masu ƙananan jiragen ƙasa da yadda suke karɓar baƙo

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana da 'yan uwa mazauna Ingila masu yara, kan abun da na san wasu za su ce wasan yara ne, wato kulob ɗin masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa. Akasari dattawa ne 'yan fansho, su kama ɗaki su gina gari sukutum a kan tebur, ga tasha ga gada ga shanu a bakin layin dogo, jirgi na zagayawa da lantarki. A nan sun fi yin wanda suke kira OO, komai an rage girmansa sau 76, faɗin layin milimita 16.5 kacal, ko faɗin babban yatsa bai kai ba. Kuma ba yau aka fara ba, The Model Railway Club na Landan tun 1910 yake, kusa da tashar King's Cross, duk Alhamis da yamma suke haɗuwa.

Yarona mai shekara 9 ne ya ja ni, kakansa ma'aikacin reluwe ne a Zariya, to ka ga abun a jini yake. Kulob na farko da muka je ba zan faɗi suna ba, sun rubuta ana maraba da baƙi amma wlh mun fi minti goma a waje cikin sanyi da yayyafi muna buga ƙofa, ba ƙararrawa ba lambar waya, da aka buɗe kuma sai wani matsattsen matakala da mai ciwon gwiwa ba zai iya hawa ba balle mai keken guragu. Muka tarar kowa ya ba mu baya yana ta aikinsa. Maganar da aka yi mana ɗaya ce, kar a taɓa. Teburin ya fi ƙarfin tsawon yaron, sai ɗaga shi na yi ta yi har kafaɗata ta gaji.

Ban ga laifinsu kan hana taɓawa ba fa, kan jirgi ɗaya sai ya haura fam 100, wani ma da hannu aka ƙera shi wata da watanni. Amma su ne kullum ke kukan matasa ba sa shigowa, to ta ina za su shigo?

Na biyun a wani ƙaramin gari ne, ranar da suka buɗe wa kowa da kowa. Tun daga ƙofa wani tsoho ya tarbe mu, ya tambayi sunan yaron, ya maimaita har sau uku sai da ya iya faɗa daidai, ya haɗo mana shayi da biskit, sannan ya jawo wani ɗan akwatin katako da suka tanada musamman ya ce ya hau. Can sai ya miƙa masa na'urar tuƙi ya ce a hankali, jirgin kaya ba ya gudu. Ina! Yaro ya murɗa, tarago biyu suka sauka daga layi, gabana ya faɗi na fara lissafin kuɗi, tsohon nan dariya kawai ya yi ya durƙusa yana nuna masa yadda ake ɗora tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da magariba ta yi ma shi ya kawar min da kwalaye a ɗakin ajiya na yi salla. Ashe su ma sun san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mu ma da namu. A kira waya ko a tura imel kafin a je, yaro ba ya zuwa shi kaɗai sai da babba, a jefa ɗan abu a akwatin gudummawa don haya da wuta suke biya, kuma kar a je da babbar riga, hannun tawa saura ƙiris ya kwashe musu sigina.

Da na ce wa tsohon ai jirgi ya iso Kano tun 1911 sai ya gyara zama, wai yana so ya gwada gina tashar. Duk mai tsoffin hotunan tashar Kano ko Zariya don Allah ya turo ta hannun edita, na riga na yi masa alkawari.

Naku,
Mai karatu daga arewacin Ingila