Ƙarfen gilashi ba garai-garai yake ba, kuma yana tsufa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na kimiyya a kan ƙarfen gilashi, kuma ina da ɗan gyara. An bar mutane da zaton ƙarfe ne da ake hango abu ta cikinsa, wanda kuma ba ya tsufa. Washegari a majalisa har wani dattijo ya tambaye ni ko za a ƙera masa garma da shi.

A ido ƙarfe ne kawai mai ƙyalli. Sunan ya samo asali ne daga yadda ƙwayoyin zarrarsa suke zaune. A ƙarfen da muka sani, a jere suke kamar kunyoyin gona. Shi kuwa wannan, narkakkensa ake sanyayawa da tsananin gaggawa, sai ƙwayoyin su daskare a hargitse kafin su jeru. Wani masani, Pol Duwez, da ɗalibansa ne suka fara yin sa a jami'ar Caltech ta Amurka a 1960, daga zinariya da silikon, da sanyayawar kusan digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa guda.

Batun tsufan ne ya fi damuna. Mahaifina maƙeri ne, Allah ya jiƙansa. Kafin ya miƙa wa manomi fartanya sai ya ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne. In amon ya daɗe, lafiya lau. In ya mutu nan take, akwai tsaga. Abin da ke cinye amon daga cikin jikin ƙarfe shi masana ke kira gogayyar ciki. Su ma murɗa siririn fallen ƙarfen gilashin suke yi su sake shi yana lilo, su auna saurin tsayawarsa. Suna ƙara masa zafi, gogayyar na ƙaruwa, alamar ƙwayoyin sun fara muskutawa suna neman wurin zama. In suka gama lafawa, ƙarfen yakan ɗan tsuke, wasu nau'ukan kuma su yi gautsi, a lanƙwasa su karye. Tsufan ke nan.

Amfaninsa dai ba a musu: ana naɗa fallayensa, da ba su kai kaurin gashin kai ba, a cikin taransifoma don rage asarar wuta.

In za ku maimaita shirin, don Allah ku gayyato maƙeri da fartanya biyu, lafiyayya da mai tsaga, ya ƙwanƙwasa su mu ji ta rediyo.

Naku,
Malamin kimiyya, daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa