Kafin titin Badagry ya isa teku, mu tanadi masauki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in faɗi abin da na gano da idona a Legas, don ya shafe mu mutanen Sakkwato fiye da yadda muke zato.

Sana'ata albasa ce. Na daɗe ina loda kaya daga Goronyo da Wurno zuwa kasuwar Mile 12. Ƙanena kuwa ya tare can gaba ɗaya, yana tuƙin babbar mota a Ibeju-Lekki, yankin da matatar man Dangote take, wadda aka ƙaddamar a 2023, ga kuma sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki kusa da ita. Wurin da a da sai masunta da itatuwan kwakwa, yau rukunin gidaje ne iya ganinka. Injiniyoyi, direbobi, ma'aikatan banki, 'yan kwangila, kowa ya kwaso iyalinsa ya nufi bakin teku.

Bara matarsa ta sauka, muka tashi mu bakwai zuwa suna, har da Innarmu. Ɗaki biyu gare shi, ina zai kai mu? Dole ya kama mana abin da suke kira shotlet, wato gida da kayansa cif, gado da tukwane da janareto, ana biya kwana-kwana kamar otal. Ta waya aka yi ciniki, ta waya aka biya, mai gadi ya miƙo makulli ya koma bencinsa. Inna ta tsaya tsakiyar falo da ƙullin kayanta a hannu, ta duba nan ta duba can, ta ce, “Wanga gida ba ya da mai shi? Ba wanda za mu gaisar?” Abin da ƙanena ya biya na kwana biyar ya isa hayar shekara ta ciki da falo a nan Mabera.

Da yawa suna ɗauka gidajen nan na masu yawon shaƙatawa ne kawai, irin waɗanda ke dawowa daga Ingila da Amurka a watan Disamba su cika Lekki da Victoria Island. Gaskiya ne, lokacin ne kasuwar ke kai ƙololuwa. To sauran wata goma sha ɗayan fa, wa ke kwana a ciki? Waɗanda suka yi ƙaura ne da baƙinsu. Sabon ma'aikaci yakan yi wata ɗaya ko biyu a irin gidan kafin ya gama da dillalai ya samu na zama. Da ya zauna kuma, ya zama tudun dafawar danginsa kaf. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi an kawo tsoho asibiti, ga yara sun samu hutu suna son ganin teku. Gidansa ba ya ɗauka, sai a nufi na haya. Duk mutum ɗaya da ya tare, yana jawo kwanan baƙi da dama a shekara, kuma mu da muka je suna muna cikin lissafin.

Masu gidaje ma sun iya lissafi. Ba a yi wata shida da sunan nan ba mai gidan ƙanena ya ba duk 'yan haya takardar tashi. Bai ce sun yi laifi ba, ba wanda ake bi ko kobo. Aka yi fenti, aka saka na'urar sanyaya ɗaki, aka ɗora hotuna a intanet. Ƙanena ya ɗauki jaririya da uwarta ya ƙara gaba wajen Epe, yanzu tun kafin asuba yake fita. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma ba ta hana mai gida daina hayar shekara ya koma ta kwana ba. Shi ƙanena ma yana da albashi. Wanda nake tausayi shi ne mai shayi da mai ga-ruwa da mai gadi, yaranmu na Gwadabawa da Tangaza, waɗanda ke karo-karo su shida su kama ɗaki guda. Idan ɗakin ya fi ƙarfinsu, sai kango ko bakin masallaci.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Birnin Barselona na Sifen, shi ma a bakin teku, ya sanar a 2024 cewa zai kawo ƙarshen lasisin gidajen baƙi kusan 10,000 nan da 2028, don 'yan gari sun rasa wurin zama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, da aka ƙaddamar da aikinsa a Oktoban 2024. Daga Illela zai tashi, ya ratsa Kebbi, Neja, Kwara, Oyo da Ogun, ya dire bakin teku. Badagry tana da rairayi, tana da wuraren tarihin cinikin bayi da baƙi ke ziyarta, ga iyakar Seme a gefenta. Ranar da motarmu ta fara isa can kai tsaye, mutanenmu za su tare da yawa, baƙinsu su biyo su, haya ta yi abin da ta yi a Lekki.

Iyayenmu da suka kai shanu Kudu suka dawo da goro ba su bar baƙonsu a titi ba. Sun kafa zango a Agege da unguwar Sabo ta Ibadan, maigida ya sauke fatake, ya ciyar da su, ya tsaya musu a ciniki, ya ɗauki la'adarsa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ina kira ga ƙungiyoyinmu na masu albasa da masu dabbobi, da attajiranmu, da Hukumar Zakka da Wakafi ta jiharmu, su zauna da sarakunan Hausawan Legas a nemi fili a Badagry ta hanyar da ta dace, da takardu, tun ƙasa ba ta yi tsada ba. A gina masaukin wakafi mai ɓangaren mata, inda tsohuwa irin Inna za ta sauka ta samu wanda zai ce mata sannu da zuwa, a ware ɗakunan hayar shekara masu sauƙi ga ƙananan masu nema. Idan aka buɗe asusun wannan aiki, buhu goma na kakar bana na saka.

Wassalam.

Naku,
Ɗan kasuwar albasa, Mabera, Sakkwato