A tambayi kangararren yaro ajin da ya bar makaranta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Kusan kowane mako sai mun ga hoton matasan da 'yan sanda suka yi holinsu, an jera wuƙaƙe da ƙwayoyi a gabansu: 'yan daba a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan kalare a Gombe. Ana tambayarsu inda suka samo makami da wanda suka sayar wa wayar da suka ƙwata. Ni malamin firamare ne, kuma da za a ba ni dama, tambaya ɗaya zan yi wa kowannensu: a aji nawa ka bar makaranta, kuma a lokacin ka iya karatu?

Ga dalilina. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke sa mutum ya danne zuciya in an tsokane shi, ya riƙe umarni biyu ko uku a ka har ya gama aiki, ya sauya dabara in ta farko ta ƙi. Shi ne birkin ɗan Adam, kuma ba ya gama ƙwari sai an doshi shekara 25. Wasu yaran nasu yana da rauni tun suna ƙanana, kuma a aji ake fara ganewa. Malam ya ce a buɗe shafi kaza, a kwafi tambaya, a amsa a ƙasa. Kafin yaron ya buɗe shafin ya manta sauran. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ana taɓa shi sai ya kai duka. Mu kuma malamai, da yara sun cika aji maƙil, bulala ce a kusa da mu. A kira shi daƙiƙi yau, a kira shi gobe, jibi sai ya zarce tasha. A can zai tarar da waɗanda ke yi masa kirari saboda wannan saurin hannun da ake dukansa a kai a makaranta.

A garin Dunedin na ƙasar New Zealand, masana sun bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. A rahoton da Terrie Moffitt da abokan aikinta suka fitar a 2011, cikin waɗanda suka fi ƙarancin kamun kai a yarinta, kashi 43 cikin ɗari kotu ta taɓa samunsu da laifi kafin su wuce shekara 32. Cikin waɗanda suka fi kamun kai kuwa kashi 13 ne. Bambancin bai gushe ba ko da aka yi la'akari da basirar yaro da arzikin gidansu. Ita dai Moffitt ce tun 1993 ta nuna cewa yawancin samarin da ke tafka ta'asa lokacin balaga suna dainawa da kansu in sun girma. Kaɗan ne ke zarcewa, galibi waɗanda matsalarsu ta faro tun suna ƙanana.

Raunin ƙwaƙwalwar ma sau da yawa ba yaron ne ya jawo wa kansa ba. Tamowa na taɓa ƙwaƙwalwa. Haka gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ta bar wasu da lahani. Sholisho da kodin kuma sai su ƙarasa abin da ya rage.

Kada a fahimce ni baibai. Wanda ya daɓa wa ɗan mutane wuƙa a kan waya dole ya fuskanci hukunci, uwar mamacin na da haƙƙi a kanmu. Abin da nake tambaya shi ne me ake yi da yaron bayan an rufe ƙofa. Mun ga gidan marin da 'yan sanda suka fasa a Rigasa, Kaduna, a watan Satumban 2019, aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa na hana ƙafa gudu, amma ba ta koya wa yaro ya tsaya ya yi tunani kafin ya zaro wuƙa. Wannan kuwa ana iya koyar da shi. A Monrovia, babban birnin Laberiya, an gwada da matasa 999 da ke cikin sata, sayar da ƙwaya da faɗan titi. Wasunsu sun yi mako takwas ana horar da su yadda za su sanyaya fushi, su tsara gobensu, aka kuma ba wasu dala 200. Bayan shekara goma, sata da fashi sun ragu da kusan rabi a wurin waɗanda suka sami horon da kuɗin tare.

Gidajen horar da kangararrun yara na tarayya da aka daɗe da sani uku ne: Kaduna, Ilorin da Abeokuta. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka tura wakilinka zuwa gidan na Kaduna da gidajen ajiyar yara na jihohinmu, ya binciko mana: yara nawa ne a ciki suka iya karanta jimla guda, malamai nawa ke koyar da su, kuma akwai wanda aikinsa shi ne koya musu danne zuciya? Ma'aikatun ilimi su ma a tambaye su wa ke bin sawun yaron da ya daina zuwa aji uku.

Wassalam.

Wani malamin firamare,
daga Kano