Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan Tarayyar Turai da maƙwabtanta na gabas

Salamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a gaban jama'a cewa wai Tarayyar Turai taimakon tsofaffin ƙasashen kwaminisanci take yi ko kuwa jan su kawai take da igiya. Toh gaskiya ni ina ganin da can taimakon ya yi, yanzu kuma alƙawari ne ake ta ja har mutane sun fara gajiya.

Ka ga, tun 1993 a Kopenhagen suka kafa sharuɗɗa, kana son shiga sai ka gyara kotunanka, zaɓe ya zama na gaskiya, kasuwa ta buɗe. Folan da Hungari da su Estoniya suka bi, 2004 aka shigar da ƙasashe 10 lokaci guda, Romaniya da Bulgeriya 2007, Kuroshiya 2013. Daga nan ƙofa ta tsaya cak.

Wadda ke ci min rai wallahi ita ce Masedoniya. Tun 2005 aka ba ta matsayin mai neman shiga, Girka ta ce ba ta yarda ba saboda ita ma tana da yanki mai wannan sunan, aka yi ta ja-in-ja har 2018 suka sa hannu a yarjejeniyar Prespa, ƙasa sukutum ta canza sunanta ta koma Masedoniya ta Arewa. Filin jirgin Skopje, babban birnin ƙasar, aka cire masa sunan Iskandar Mai Girma, lambar mota da ke ɗauke da MK ta koma NMK, fasfo ma sai da aka sake. Ka yi tunanin mai tasi yana manna sabuwar sitika a kan lambar motarsa don an ce masa Turai na nan tafe. Sai 2019 Faransa ta hana a fara tattaunawar shigar da ita Tarayyar, 2020 kuma Bulgeriya ta taso da maganar yare da tarihi, yanzu sharaɗin shi ne sai an rubuta Bulgeriyawa cikin kundin tsarin mulki. NATO kam ta karɓe su a 2020, Turai har yau shiru.

Tsarin ne ya jawo haka, ƙasashe 27 kowacce tana da ikon cewa a'a, ɗaya ta ƙi shikenan komai ya tsaya, ko da rigimarta ce ta maƙwabtaka ba ruwan sharuɗɗan Kopenhagen. Ni wannan ban ga adalci a cikinsa ba ko kaɗan. Yukren ta nema a Fabrairun 2022, zuwa Yuni ta samu matsayin mai neman shiga, na taya su murna ƙwarai don yaƙi ake musu, amma mutumin Skopje da yake layi tun 2005 me zai ji a ransa?

Amsar mutanen Masedoniya ta fito a zaɓen 2024, jam'iyyar da ta yi adawa da canza suna ce ta lashe, sabuwar shugabar ƙasa Gordana Siljanovska-Davkova kuma wajen rantsuwa ta ƙi furta kalmar "Arewa".

Na gode da tambayar, Allah ya bar zumunci.