Wasiƙa ga Aminina: Wa Ake Kira Ɗan Ta'adda?

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya sanyin can? Mu nan sai godiya.

Maganarka ta ranar nan ta hana ni sakat, inda ka ce kalmar ta'addanci ba ta da ma'ana, mai ƙarfi ne kawai ke liƙa ta a goshin wanda ya ga dama. Rabin zancen naka gaskiya ne. Tun 1996 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamiti a kan batun, har yau ƙasashe ba su yarda da ma'ana ɗaya ba. Amma ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1566 na 2004 ya faɗi abin da kowa zai gane: a kashe fararen hula ko a raunata su don a cusa tsoro a zukatan jama'a. Bai tambayi addinin mai aikin ba.

To ɗauki wannan mudun ka tafi ƙauyen Duma a Yammacin Kogin Jordan. Ranar 31 ga Yuli 2015, da tsakar dare, aka cinna wa gidan iyalin Dawabsha, Falasɗinawa, wuta suna barci. Jariri ɗan wata 18 ya ƙone ƙurmus, daga baya uban da uwar suka bi shi. A jikin bango an rubuta "ramuwa" da Ibrananci. Firaministan Isra'ila Netanyahu da bakinsa ya kira abin ta'addanci, kuma a 2020 kotun Isra'ila ta yanke wa Amiram Ben-Uliel, Bayahude ɗan kama-wuri-zauna da ta samu da laifin, ɗaurin rai da rai sau uku. Bayan ƙone-ƙonen Turmus Ayya, wani garin Falasɗinawa, a Yunin 2023 ma, shugabannin soja da 'yan sandan Isra'ila da hukumar tsaronta ta cikin gida, Shin Bet, haka suka kira aikin 'yan kama-wuri-zauna.

Ka ga ke nan sunan bai ɓata ba. Hukuncin ne ke da fuska biyu. Bafalasɗine kotun soja ake kai shi, a rushe gidan iyayensa. Maƙwabcinsa ɗan kama-wuri-zauna na kan tudu kuwa sai kotun farar hula, in ma an kama shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ba ya shiga labarai: a sare wa tsoho zaitun ɗin da kakansa ya dasa, a kore wa makiyayi tumaki, yau da gobe, har ƙauye ya kwashe kayansa. Tsoron da ƙudurin ke nufi ke nan.

Ina jiran martaninka, na san ba ka rasa ta cewa. A gaida Hajiya da kyau.

Naka,
Amininka