Godiya ga ma'aikatan Gandun Dajin Gashaka Gumti, ofishin Serti

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe shugaban gandun daji, da sauran ma'aikatan ofishin Serti, da renjoji da 'yan jagora, har da 'yan dakon da suka sha nauyin kayanmu.

Na ce bari in rubuto a fili kowa ya gani, don mu dai in ofishin gwamnati ya ɓata mana rai kafin mu fita get mun hau Facebook, amma in an kyautata mana sai mu yi gum. Toh ni da abokan tafiyata an kyautata mana lokacin da muka je hawan Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, kuma abun da ya fi tsaya mani a rai shi ne gaskiyar da kuka faɗa mana tun kafin mu ɗaga ƙafa.

Don wanda bai sani ba, wannan dutsen shi ne mafi tsawo a duk Najeriya, mita 2,419, yana jihar Taraba daidai kan iyakar Kamaru, a cikin gandun da aka kafa a 1991 bayan an haɗe dazukan Gashaka da Gumti, fili ne sama da murabba'in kilomita 6,000 da ya ratsa Taraba da Adamawa. Mu kuwa da iyakacin hawanmu Dala da Goron Dutse, a zatonmu Dala ce aka ɗan ƙara wa tsawo.

Tun a waya jami'inku ya taka mana birki. Mu da damina muka so zuwa don hotuna su yi kore, ya ce mu haƙura sai rani, tsakanin Disamba da Maris, saboda da damina rafuka na cika su hana tsallakawa, ƙasa ta yi santsi, hazo ya rufe ka ko wanda ke gabanka ba ka gani. Ba mu ji daɗi ba a lokacin amma muka bi.

Da muka iso Serti ta hanyar Jalingo da Bali, aka zaunar da mu aka baje mana hanyoyin. Akwai doguwar da ke tashi daga garin Gashaka, inda kufan ginin Jamusawa yake, a ratsa kurmi da koguna ana kwana a daji ana tashi, hawa tun daga ƙasa har sama. Akwai kuma ta Mambila, mota ta haura da kai daga Mayo Selbe zuwa Nguroje, daga nan a nufi Njawai, acaɓa ya yi iya nasa sannan ƙafa ta karɓa. Mu da kuri muka ce doguwar muke so. Jami'in nan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi tumbin babban yayanmu, ya dubi takalmin wani a cikinmu da ya zo da silifas wai don sauƙi, ya yi murmushi ya ce mu fara da ta Mambila, in Allah ya kai mu baɗi doguwar tana nan ba inda za ta. Kuma fa doguwar ita ta fi kawo kuɗin jagora da na dako, da wani wajen ne cewa za a yi bismillah ku tafi, in kun gaji matsalarku ce. Mai silifas kuwa sai da aka tura shi kasuwa ya nemo kambas mai ƙwarin ƙasa.

Ɗan jagoran da kuka haɗa mu da shi dattijo ne, Baba muke ce masa, ba shi da yawan magana. A can sama yawanci fili ne na ciyawa da tuddai, kurmi sai a cikin kwazazzabai, kuma ko'ina turbar shanu ce ta giggitta, kowacce ka gani sai ka rantse ita ce hanya. Taswirar waya ba ta san wannan ba, balle ma sabis ɗin ya ɗauke tuntuni. Baba kuwa ko tsayawa tunani ba ya yi.

Inda na san kuɗin jagora bai faɗi banza ba shi ne wani gangare mai tsini da sai an haɗa da hannu, ana rarrafe, ga kwazazzabo a gefe wanda in ka leƙa sai cikinka ya juya. Ni da na ga tsaurin wajen na kai hannu zan damƙi ciyawa, Baba ya ce a'a Malam, ciyawa tana tugewa, dutse za ka kama kuma ka girgiza shi tukuna ka ji ko yana motsi, kar ka ɗaga ƙafa sai hannu biyu da ɗayar ƙafar sun zauna. Ya kuma hana mu jeruwa kai da ƙafa, ya ce a bar tazara don in dutse ya suɓuce wa na sama kar ya sauka kan na ƙasa. Da gwiwar yayanmu ta fara kaɗawa bai yi masa dariya ba (mu ne muka yi, Allah ya yafe), ya karɓe jakarsa ya koma bayansa yana gaya masa inda zai taka har ya haye. Saukowa ma ta fi hawan wuya, nan ne cinya ke rawa, ya ce mu juyo mu fuskanci dutsen maimakon mu ba shi baya.

Sai sanyi. Kai, alwalar asuba a can sama sai mai imani, ruwan kaman an ciro daga firij, da ba don an ce mu riƙo rigar sanyi da bargo mai kauri ba da mun ji jiki a cikin tanti.

Wani abu kuma, duk rugar da muka ratsa sai Baba ya tsaya ya gaisa da Fulatanci, ya faɗi ko mu su waye da inda za mu, kuma a nan muka sha kindirmon da har yanzu ake zancensa a majalisarmu. Baƙo shi kaɗai da jaka a baya kusa da boda, ai sai an tambaye shi.

Renjojin ba sa wasa da shara. Ledar fiya wata ɗaya wani ya yar aka sa shi komawa ya ɗauko, wuta ma sai an zuba mata ruwa an tabbatar ta mutu kafin a bar masauki, suka ce ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan shi ke shiga kogin Taraba ya faɗa Binuwai, ga kuma biran cimfanzi da kurmin gandun ke ɓoye. Mu ba mu gan su ba, gwaggon biri dai mun gani.

Roƙona ɗaya, ku ƙara tallata wajen nan da Hausa a rediyo, samarinmu da yawa sun san sunan Kilimanjaro amma ba su taɓa jin Gangirwal ba. Wanda zai je kuma ya fara biyawa ta Serti ya yi rajista, ya ji halin hanya da tsaro daga bakin masu wajen.

Allah ya saka da alheri, ya tsare ku a dajin nan, ya ƙara wa Baba lafiyar gwiwa. A gaida 'yan dako, a ce masu mai silifas yana gaisuwa.

Naku,
Wani ɗan'uwanku daga Kano