Faifan da ya tona asirin hannuna

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasanni, kullum ƙwallo ƙwallo kamar babu wani wasa a duniya. Akwai wanda ake kira disc golf, faifan roba ake wurgawa daga nesa har ya faɗa cikin wani kwando mai sarƙoƙi, wanda ya yi jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A Kalifoniya ta Amurka aka fara kafa filinsa a 1975, ƙungiyar masu wasan, PDGA, kuma a 1976, yanzu mutanen Finland sun rungume shi sosai.

Ɗan yayana ne da ke karatun injiniya a nan Samaru ya jawo ni ciki. Mun fi wata biyu muna fita da yamma, ni ina ta zuba ƙarfi kamar mai jifan mangwaro amma faifan sai ya yi sama ya tsaya ya karkata hagu ya faɗo, na ɗora wa iskar hunturu laifi har na gaji. Ashe akwai kamfani mai suna TechDisc da ke saka sensa, wato 'yar na'urar auna motsi, a tsakiyar faifai, kana jefawa zai turo wa wayarka ta Bluetooth saurinsa da yawan juyawarsa a minti da yadda bakinsa ya kalla lokacin da ya bar hannu. Kuɗinsa da dala ne, mun san ba namu ba ne, sai yaron ya sayi 'yar sensa irin wadda ke juya hoton waya in ka kwantar da ita, ya manna da salatef.

Wallahi Edita abin ya ba ni kunya. Ƙarfina lafiya lau, bakin faifan ne nake ɗagawa sama ba tare da na sani ba, sai iska ta daki cikinsa ta cinye masa gudu. Ido ba zai taɓa kama wannan ba don abin bai kai ƙiftawa ba. Na sunkuyar da wuyan hannu kamar mai zuba shayi daga buta, ranar nan sai da muka shiga gonar mutane neman faifai.

To garin da ke da ABU da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, inda ake karanta yadda iska ke ɗaukar fiffike, me zai hana ɗalibai su ɗauki wannan a matsayin furojet ɗin ƙarshe? Na yaronmu salatef ɗin yana sa faifan rawa, har yanzu yana neman yadda zai daidaita nauyin.

Naka,
Mai karatu daga Samaru, Zariya